Shukar Bayan Kicin

Da magariba abin ya fara. Mai gidan, wanda 'ya'yansa ke tsokana da Sarkin Lambu, yana durƙushe a lungun bayan kicin yana ba shukarsa ruwa. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya, sai ganye tsefe-tsefe, sabon tofonta a naɗe kamar wutsiyar hawainiya. A bakin wani rafi ya tono ta, har da ƙasarta da dutsen da take manne da shi, don irinta ba ta rayuwa sai a inuwa, cikin ƙasar da ta saba.

Sai tsakuwa ta faɗo kan rufi. Wata ta biyo, jiƙe sharkaf, alhali an daɗe ba a ga hadari ba.

Kwana uku da haka, Auta, mai shirin tafiya makaranta, ta kasa tsallake ƙofar gida. Da ta kai bakin ƙofa sai ƙafafunta su sage, ta rarrafa ta koma lungun nan ta zauna, ba ci ba magana. Tsoro ya cika gidan, har cokali a hankali ake ajiyewa.

Malamin da aka ɗauko ya daɗe yana karatu a kanta kafin bakinta ya buɗe da muryar tsohuwa.

"Me yarinyar nan ta yi miki?" in ji Malam.

"Ba komai. Ubanta ya ɗauko ni da gidana, ya kewaye ni da bulo. Tunda ba na fita, ita ma ba ta fita."

"Za a mayar da ke."

"Ina? An sare bishiyoyin, rafin ya ƙafe."

Mai gidan ya sunkuyar da kai. Gaskiya ce, dalilin da ya sa ya tono ta ke nan.

"To me kike so?"

"Ruwa, kowace magariba, daga hannun da ya tono ni. Ranar da ya yi fashi, na dawo mata."

Malam ya ce, "Mai gida, kada ka amsa abin da ba za ka iya ba."

Ya dubi busassun leɓunan 'yarsa. "Na amsa."

Auta ta yi atishawa, ta ce, "Baba, ƙishirwa."

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Auta ta gama karatu, ta zauna a gari mai nisa. Ranar da aka bugo waya cewa ta haihu, mai gidan ya ɗauki hularsa har ya kai bakin ƙofa. Sai ya dubi rana, ya ajiye hular, ya ɗauki bokiti.