Dashen Bedi a Filin Lakol

A shekarar da aka yi babban taron ƙasa a Yamai, wata yarinya ta koma Gidan Sori da innarta. Babanta ya tafi ci-rani. Ba ta san kowa ba a garin sai 'yan ajinsu, su ma sama-sama.

A filin lakol, wato makarantarsu, akwai dashen itatuwan bedi. Malaminsu, Mushe Sanda, ya ba kowane yaro guda. Kullum da safe yakan buga ƙararrawa, kowa ya ɗebo ruwa ya zuba wa nasa.

Ana nan sai malamai suka shiga yajin aiki. Aka rufe azuzuwa, yara suka watse.

Yarinyar ta ce a ranta, tunda ba wanda ya sa ta, ba ruwanta da dashe. Ta dinga wuni a ƙofar gida ita kaɗai. Rediyon maƙwabta na ta maganar jam'iyyu. Ba mai kiranta wasa.

Wata rana ta bi ta lakol. Filin shiru, sai awaki. Ta tarar dashenta ya bushe ƙarau. Sauran ma duk sun yi yaushi. Ta koma gida tana share hawaye.

Inna na sheƙar gero a tsakar gida. Yarinyar ta gaya mata abin da ta gani, ta ce laifin Mushe ne da ya daina buga ƙararrawa.

Inna ta nuna mata ƙasa. Tururuwa ne a jere, kowace ɗauke da ƙwayar gero.

"Wa ya buga masu ƙararrawa?"

"Sarkinsu mana, Inna."

"Ba mai ba su umarni, ɗiyata. Ɗaya ke samun hatsi, ta bar alama a hanya. Ta bayanta ta bi, ita ma ta bar tata. Da haka hanya ke fita."

Washegari yarinyar ta ɗauki ƙaramin tulu ta nufi rijiya. Nata dashen ya riga ya mutu. Ta tsaya jim, sannan ta zuba wa na kusa da shi, na wata 'yar ajinsu, Hamdiya.

Haka ta dinga yi. Tulun na da nauyi, kuma ba wanda ya gan ta balle ya gode mata.

Rannan Hamdiya ta zo wucewa, ta ga gindin dashenta jiƙe, ga yarinyar tsaye da tulu. Kunya ta kama ta. Ta ɗebo ruwa ta zuba wa na gaba. Wani yaro, Wada, ya gan su, ya jawo ƙaya ya kare dashen daga awaki. Kafin wata ya ƙare, filin ya cika da yara da tuluna.

Da aka buɗe lakol, Mushe Sanda ya tarar da bedi sun yi kore shar.

"Wa ya sa ku wannan aiki?"

Yara suka dubi juna. Hamdiya ta kama hannun yarinyar, ta ce, "Ba wanda ya sa mu, Mushe. Ita muka gani, muka bi."

Mushe ya ba yarinyar sabon dashe. Ita da Hamdiya suka haƙa ramin tare, suka tafi gida tare.

Tun daga ranar ta gane cewa ba a jiran umarni kafin a yi abin kirki. In kowa ya yi ɗan nasa, babban aiki kan haɗu da kansa.