Turaren Ranar Laraba

Kozue tana goge kwalabe a kantin turaren da take aiki a Kanazawa, sai ga wani saurayi ya tsaya a gabanta, hannayensa jajur kamar wanda ya wuni cikin ruwan ƙanƙara. Ya ce turare yake so ya saya wa mahaifiyarsa. Ta tambaye shi irin wanda take sawa, ya sosa ƙeya ya ce bai taɓa jin ta sa ba. Kozue ta danne dariyarta, ta zaɓa masa mai ƙamshin lemo. Sunansa Tatsuki. Washegari ya dawo wai ya manta lemarsa, alhali a gabanta ya fita da ita.

Tun daga ranar wayarta ba ta ƙara hutawa ba.

"Ƙamshina, kin tashi aiki? Ni ga ni nan har yanzu ina wankin shinkafa."

A ƙarƙashin mahaifinsa Genzo yake koyon sana'a, a gidan abincinsu na sushi, wato dunƙulen shinkafa da ɗanyen kifi, inda sai mutum ya yi watanni yana jiran kujera. Ita kuwa Kozue 'yar ƙauyen kan dutse ce, sushin da ta sani shi ne na cikin roba a kanti.

Ranar da zai gabatar da ita ga iyayensa a gidan sushin, ta ɗauko turarenta mafi tsada, ta shafa a wuya da bayan kunne, ta ƙara a gefen riga don girmama surukai.

Tana zama a gaban kantar katakon, wuƙar Genzo ta tsaya. Dattijon da ke kusa da ita ya ajiye kifin da ya kai baki, ya ja kujerarsa gefe. Yasuko, mahaifiyar Tatsuki, ta je ta ɗan buɗe ƙofa duk da sanyin da ake yi. Can Genzo ya ce wa ɗansa, ba tare da ya ɗago ba,

"Kai baƙuwa teburin bakin ƙofa. Mutane ba sa jin ƙamshin kifinsu."

Kozue ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige. Ta sunkuya ta ba da haƙuri, ta fita ko shayinta ba ta kurɓa ba.

Saƙonni suka yi ta shigowa, ta kasa buɗewa. Labari ya iso mata cewa Genzo ya ce mai sana'ar turare ba za ta zauna a gidan kifi ba, ga 'yar dillalin kifinsu nan da ta tashi cikin harkar. A wurin aiki duk kwalbar da ta buɗe sai ta tuna ƙarar jan kujerar nan. Da ƙyar ta karanta saƙon Tatsuki na ƙarshe.

"Laifina ne, Ƙamshina. Na san ba a shigowa da turare, amma kunya ta hana ni ce miki ki bar abin da na fara sonki da shi."

Ta yi kuka har ta gode wa Allah, sannan ta yanke shawara. Ranar hutunta ta yi wanka da sabulu marar ƙamshi, ta sa rigar da ta shanya a iska, ta tafi da rana kafin a buɗe. Ta tarar da Genzo yana wasa wuƙa, Tatsuki yana goge kantar katakon. Ta sunkuya sosai.

"Maigida, na ɓata maka aikinka a gaban baƙinka. Ba alfarma na zo nema ba, haƙuri na zo bayarwa."

Genzo ya ajiye wuƙar. Ya tambayi ɗansa ko ya gaya mata dokar gidan, Tatsuki ya sunkuyar da kai. Tsohon ya ce ashe wanda ya kamata a kai bakin ƙofa yana bayan kantar nan. Yasuko ta leƙo daga ciki ta ce a yi a hankali da yarinyar, domin turaren da ta zaɓa mata shi ne na farko da ta samu tun aurenta, kuma duk Laraba in an rufe gidan tana shafawa.

"Wani ma har matsowa yake yi," in ji ta.

Kunnuwan Genzo suka yi ja. Ya dunƙula shinkafa, ya ɗora jan kifi, ya ajiye a gaban Kozue.

"Ci yanzu, 'yata, da hannu. Ba ya jiran kunya."

Ta ci, hawaye yana bin kumatunta.

Da bazara aka yi bikin, ranar Laraba, Genzo da kansa ya zaɓi ranar. Amarya ta fito babu ko ɗigon turare a jikinta. Tsohon ya shaƙi iska, ya ɓata fuska, ya karɓi kwalbar matarsa ya miƙa mata.

"Yau gidan a rufe yake. Shafa, kada ɗana ya kasa gane matarsa."

Allah ya bar su tare, ya sa ƙamshin gidansu ya ɗore.