Minti Huɗu a Bakin Famfo

Ranar Litinin ce, tun asuba ruwa yake zuba a Tanjung Serai, lokacin da 'yan sandan ruwa suka kama wani jirgi maƙare da man dizal a bakin gaɓa. Da aka gwada man, na matatar garin ne. Amma manhajar da ke tsara aikin matatar ta nuna ko ɗigo bai ɓace ba.

Sugeng ne mai riƙe da manhajar. Shi yake zuba mata farashin ɗanyen mai da sababbin dokokin gwamnati, ita kuma ta faɗi abin da za a tace. Shekara shida ke nan da aka turo shi daga tsibirin Jawa, ɗaki ɗaya yake haya, ba mata ba dangi. Kafin azahar ya gano ɓarnar. A cikin manhajar akwai adadin man da ake sa ran zai bi iska saboda zafin rana, uku cikin dubu. Wani ya mai da shi biyar. Biyun da aka ƙara ake ta kwashewa, kuma da sunan Sugeng aka shiga aka canza, wata tara da suka wuce.

Shugabarsa, Bu Marlina, ta ba shi zuwa Laraba. In bai kawo mutum ba, shi za ta miƙa.

Ita ya fara dubawa, a ɓoye, don tana iya shiga da sunan kowa. Ranar da aka yi canjin tana Jakarta wajen taro kan sabuwar dokar dizal. Sai Yohanes, mai gyaran kwamfutocin ofis. Ya yi dariya, ya ce shi lambobin nan ko da ƙafa ya taka su ba zai gane su ba, sannan ya buɗe masa rajistar shiga. Daga teburin Sugeng aka yi canjin, ƙarfe sha biyu da minti ashirin da shida na rana.

Sugeng ya daɗe yana kallon lokacin. Ba ya zuwa ɗakin cin abincin ma'aikata, a teburinsa yake ci. Sau ɗaya yake tashi ya bar kwamfutar a buɗe: in ya gama cin shinkafa da hannu, ya je famfon ƙarshen baranda ya wanke yaji. Minti huɗu.

Ranar Talata Rusdi mai awon tankuna ya shigo da ƙunshi biyu na shinkafa da kifi a ganyen ayaba, kamar kullum. Shi kaɗai yake zama da Sugeng a duk matatar.

"Farfesa, ci mana, ka rame kamar busasshen kifi."

"Rusdi, yaushe ka fara kawo mini abinci?"

"Wa yake ƙirgawa?"

"Na ƙirga. Wata goma. A watan farko ka tambaye ni komai game da manhajar nan, ni kuma na yi ta zuba, don ba wanda ya taɓa tambayata. Kai kake awon tankuna, ka san abin da za a iya ɗiba ba a lura ba. Kuma da cokali kake ci. Ba ka taɓa raka ni famfo ba."

Rusdi ya ajiye cokalin a hankali. Bai musa ba. Ya ce sau ɗaya tal ya buƙaci kujerar Sugeng.

"To sauran wata taran fa? Me ya dinga kawo ka?"

Rusdi ya dubi ruwan da ke bin tagar. "Na saba ne, Sugeng."

Sugeng ya kira Bu Marlina. Masu tsaro suka zo suka tafi da Rusdi.

Dizal lita miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ya tafi. An kama mutum biyar, an rufe tanki ɗaya. Sugeng ya tsira da aikinsa. Ranar Laraba da sha biyu ya saya wa kansa ƙunshi ɗaya, ya ci, ya kulle kwamfutar, sannan ya tafi famfo.