Akwatin da Musaddiƙ Ya Kawo Gida

Ranar da Musaddiƙ ya dawo Kura da wani ƙaton akwatin katako ɗaure a bayan babur, matarsa Turai murna ta yi, ta ce ta samu ma'ajiyar albasa. Lebura ne a siton wani kamfani a Kano, masu sayar da kayan gyaran jirgin sama. Shekara da shekaru yana ɗaga tayoyi da durom na mai har bayansa ya ranƙwafa, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka cikin jirgi ba.

Ana kiran magariba wani abu ya daki kwanon ɗaki. Wani ya biyo baya. Kwaɗin bakin kanal ɗin noman rani, waɗanda ba su san shiru ba, suka yi tsit. Da Turai ta haska tsakar gida, ba duwatsu ta gani ba, kusoshi ne masu sheƙi, da ɗuminsu, suna warin man inji.

Haka kowace magariba. Sai 'yarsu Humaira ta daina cin abinci, ta daina zuwa Islamiyya. Takan kifa kunne a jikin akwatin ta yi ta kuka da wata murya wadda ba tata ba.

"Baban Humaira, ka raba mu da abin nan," in ji Turai.

Ya jefa shi kanal. Gari na wayewa suka tarar da shi a inda yake, ruwa na ɗiga.

Aka ɗauko Malam Iliyasu, mai ruƙiyya daga Bunkure. Ya daɗe yana karatu kafin jikin yarinyar ya sandare, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"'Yar sito ce. A akwatin nan nake kwana. 'Ya'yana suna can bayan tayoyi, ba mai duba su."

"To me yarinya ta yi miki?"

"Ubanta ya raba ni da nawa, na riƙe tasa."

"Ki ji tsoron Allah ki fita. Gobe in ya tafi aiki zai mayar da ke."

Ta fashe da dariya. "Wane aiki? Sun sayo injin ɗaga kaya, sun sallame shi. Akwatin nan ne sallamarsa. Kullum ya saka rigar kamfani ya fita, a gindin bishiya yake wuni."

Turai ta juyo ta dube shi. Musaddiƙ ya tsura wa tabarma ido.

Aljanar ta ce sai ya kai ta har lungunta. Malam ya ce bakin ƙofar sito ya isa. Suka ja, suka ja, daga ƙarshe ta yarda, ta yi rantsuwar za ta fita. Humaira ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki.

"Umma," ta ce da muryarta, "yunwa nake ji."

Washegari Musaddiƙ ya kai akwatin. Maigadi Abdulsamad, wanda suka daɗe suna cin abinci a kwano ɗaya, ya leƙo ta ƙyauren ƙarfe.

"Yi haƙuri, ɗan'uwa. An ce kar in bar ka ka shiga."

Musaddiƙ ya sauke kayan a ƙasa. Murfin ya ɗaga da kansa. Wani sanyi ya shafi ƙafarsa ya zurara ta ƙarƙashin ƙofar, can cikin sito ya jiyo ihun murnar yara. Ita ta koma, ba wanda ya tambaye ta katin shiga.

Yana nan tsaye Abdulsamad ya sake leƙowa.

"Don Allah ka janye katakon nan. Manaja zai fito da mota."