Mai Awon Makarantar Baba Benjamin

Ranar da Derrick ya fara ganin Hadassah, igiyar awonsa ce ta tare mata ƙofar aji. Ta fito da alli a hannu.

"Malam, me kake aunawa a makarantarmu?"

"Aiko ni aka yi, Malama. Filin kawai zan auna."

"To ɗage igiyarka, yara za su fita tara."

Ya ɗage, amma ya kasa ɗauke ido daga kanta. Aikin yini ɗaya sai da ya ci masa kwana uku, a na ukun ya samu lambar wayarta.

Hadassah 'yar Baba Benjamin ce, wanda babu wanda bai san shi ba a unguwar Makera. Tun yana saurayi shi da abokansa ma'aikatan masaƙa suka gina makarantar da hannunsu, a filin da wani dattijo ya ba su da baki, ba takarda. Masaƙa ta rufe, abokan suka watse, wasu ƙauye, wasu kabari. Shi ya zauna. Shekara talatin da ɗaya yana cikin kwamitin makarantar ba albashi. Shi ke tsallakar da yara titi da safe, shi ke yashe kwata kafin damina, in yaro ya daina zuwa shi ke bin sa har gida.

Yanzu jikokin dattijon sun sayar da filin, kuma kamfanin da ya saya shi ne ya turo Derrick.

Duk da haka saƙonni suka fara.

"Malamata, yau sau biyu na bi ta Makera ba gaira ba dalili. Kin ci abinci?"

"Na ci. Ka daina ƙona mai a banza, Mai Igiya."

"In zan hango ki ta taga, ba a banza ba ne."

Wata huɗu suna haɗuwa ran Lahadi bayan an tashi daga coci, kafin ya yi ƙarfin halin zuwa gaida mahaifinta. Baba Benjamin ya daɗe yana kallonsa.

"Ba kai ne ka auna makarantata ba?"

"Ni ne, Baba."

"Ka auna ta don a rushe, yanzu kuma 'yata ka zo aunawa? Tashi ka tafi, ɗana. Ban tsane ka ba, amma ba zan iya ganin fuskarka a gidan nan ba."

Dama akwai wanda Baba yake so mata: Friday, ɗan wani amininsa da ya rasu, mai shagon kayan mota a unguwar Nasarawa. Friday ya fara zuwa zance, Hadassah tana fitowa don kada ta ƙara wa mahaifinta damuwa.

Kwamiti ya kai ƙara kotu. A zaman farko lauyan kamfani ya miƙa zanen filin, da sa hannun Derrick a ƙasa. Zanen ya nuna fili fetal, babu gini ko ɗaya. Da yamma Hadassah ta tura wa Derrick saƙo.

"Yara ɗari biyu ne ba komai ba a idonka? Na tsaya maka a gaban Baba, ashe shi ya fi ni gani. Kada ka sake kirana."

"Hadassah, a zanena akwai aji shida da rijiya. Bayan na miƙa aka canza shi. Ki yarda da ni."

Ta kashe wayarta.

A zama na gaba Derrick ya shigo da ainihin zanen, ya ba da shaida a kan kamfaninsa. Washegari aka sallame shi daga aiki. Shaidar tasa ba ta canza komai ba. Alƙali ya ce tun da babu takardar kyauta, fili na wanda ya saya ne, makaranta ta tashi a ƙarshen zango.

Kwana biyu bayan hukuncin, Baba Benjamin ya faɗi a bakin get ɗin makarantar, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Friday ya zo asibiti dubiya, ya tarar da Hadassah tana karanta tsoffin saƙonnin Derrick tana hawaye. Ya yi mata sannu, ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa, bai sake zuwa zance ba.

Shi kuwa Derrick bai kira ta ba. Ya hau babur ɗinsa kullum yana zaga makarantun unguwannin Mahuta da Nasarawa, yana roƙon hedimastoci su karɓi yaran. Mama Saratu, mahaifiyar Hadassah, ita ta ji labari a kasuwa ta faɗa wa mijinta. Baba ya ce a kira masa Derrick.

"Yara nawa suka samu gurbi?" Da ƙyar maganar take fita.

"Ɗari da arba'in, Baba."

"Sauran fa?"

"Har yanzu ina nema, Baba."

Baba ya rufe ido. "Duk ƙuruciyata na zuba a wurin nan, ga shi ko allo ɗaya ba zai rage ba. Hadassah, matso. Har yanzu kina son sa?"

"Ina son sa, Baba."

"Ba shi da aiki. Ke ma naki ya kusa ƙarewa."

"Na sani."

"To ku je ku ga fasto. Makaranta ta fi ƙarfina, amma wannan ina da iko a kai."

A waje Hadassah ta riƙe hannun rigar Derrick. "Ka yafe mini."

"Malamata, ni ma da na ga takardar nan sai da na tsani kaina."

An ɗaura auren a coci ran Asabar ta ƙarshen zango, aka yi liyafa a filin makarantar. An riga an ciccire kwanon ajujuwa, katafila za ta zo ran Litinin. Tsoffin ɗalibai suka cika wurin, direbobi, nas-nas, masu gyaran waya, wasu da furfura.

Aka turo Baba a keken guragu. Amarya da ango suka durƙusa a gabansa daidai lokacin da hadari ya haɗo. Baba ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan Derrick, sannan a kan Hadassah.

"Ba ni da abin da zan bar muku. Ubangiji ya tsare ku, ya ba ku 'ya'ya, ya ba su wurin karatu. Abin da za ku gina, Allah ya sa ya fi nawa daɗewa."

Ruwa ya sauko, ga shi babu rufin da za a fake a ƙarƙashinsa. Babu wanda ya motsa sai da Baba ya gama, jama'a suka ce amin. Derrick ya cire kwat ɗinsa ya lulluɓe tsohon, shi da matarsa suka tura keken zuwa gida.