Shuka a Filin Jirgin Magarya

Ranar Talata ce, cikin 1954, washegarin ruwan farko. Ƙasa ta jiƙe sharkaf. Da azahar jirgin kamfani ya sauka a Magarya, ya zarce cikin laka, ƙafarsa ta karye.

Insifekta Alkasim ya tarar da Kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, a filin yana huci.

"An kwashe fararen duwatsun da ke nuna wa matuƙi inda zai sauka," in ji Kumandan. "Kuma babban mutumin kamfani yana cikin jirgin. Ya zo ne ya ga ko za a bar hanyar Kano ko a soke ta. Ka kulle mai gadi."

Kamfanin ya daɗe yana rarrafe. Da, sau biyu a mako jirgi ke ratsowa daga Damagaram zuwa Kano da For-Lami ta ƙasar Cadi. Kafin yau, wata uku ke nan ba a ji ƙuginsa ba.

Alkasim ya bi filin a ƙafa. Ya ga ramuka jere, an rufe su. Ya tona ɗaya da yatsa. Ƙwayar hatsi ce.

Ya sa aka kawo Barau mai gadi.

"Wa ya yi shuka a nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Da wa?"

"Ni kaɗai."

"Taka nan."

Barau ya taka kusa da ramin. Sawun diddigensa ya ninka na wanda ya rufe irin girma.

"Ƙarya kake. Ka san shekara nawa za ka yi a kason Damagaram?"

Barau ya sunkuyar da kai. "Ni ne," ya sake cewa.

A yammacin filin Alkasim ya samu duwatsun. Ba a ɓoye su ba. An jera su daga gindin gawo zuwa tsohuwar rijiya, yadda ake jera iyakar gona. Ya tambayi mai unguwa ko gonar wa ce kafin a yi fili.

"Ta marigayi Maikano ce, uban Barau."

Alkasim ya sami Gwaggo Ƙande, uwar Barau, a tsakar gida, laka ta bushe a ƙafarta, ƙwaryar iri a gefe.

"Gwaggo, ina kika je da safe?"

"Gona."

"Wace gona?"

"Tamu. Da Turawa suka karɓe ta sun ce tasu ce muddin jirgi na sauka. Wata uku bai sauka ba. Ruwa kuma ya sauka, ɗan nan. Wa ke barin danshin farko ya wuce?"

"Barau ya sani?"

"Shi ma gonar haya ya tafi tun asuba. Ni na kwashe duwatsun, ɗaya ɗaya. An ce kun kama shi."

"Ya ce shi ne."

"Tun yana ƙarami bai iya ƙarya ba." Ta miƙe, ta ɗaura zanenta. "Ku sake shi. Mu je."

Gardi biyu, dogaran Kumandan, suka sa ta a gaba zuwa biro, ofishinsa. Alkasim ya hana a ɗaure ta. A ƙofar gida ta tsaya.

"A ce wa Barau kada ya bari awaki su shiga."

Bayan mako guda kamfani ya soke hanyar. Abin da aka rasa: ƙafar jirgi ɗaya, hannun matuƙi da ya karye, aikin Barau, hanyar Kano, da tiya biyu na iri, domin Kumandan ya sa an tone shukar.