Famfon Garkar Malam Sambo

Ja'afaru ya fara ganin Afra'u ne a garkar babanta Malam Sambo, a Kore Mairuwa, ranar da ya zo daga Dogon Dutsi gyaran famfon rijiyarsu. Famfon na hasken rana ne, injinsa irin sabon nan marar burushi, wanda sai ɗan allon lantarki ya gaya masa yadda zai juya. Allon ya ƙone, Ja'afaru ya haɗa wani da hannunsa, ya rubuta masa sabon tsari.

Ta kawo masa ruwan sha, sai ta tsaya tana leƙen ordinatarsa, wato kwamfutar da yake aiki da ita. Ashe lantarki ta karanta a Doso. Da suka haɗa ido, ya manta abin da yake nema cikin jaka.

Ya kunna. Injin ya yi kakkarwa, ya yi gurnani, ya mutu. Haka ya yi ta yi har la'asar.

Ya dawo washegari, ya sake dawowa. Injin bai tashi ba, amma hira ta yi nisa. Ita ke riƙe masa wayoyin injin, shi kuma ya koma kiranta Fitilata.

Malam Sambo kuwa albasarsa na yaushi, da guga yake ban ruwa har bayansa ya ƙage. Da ya ji zancen soyayya sai ransa ya ɓaci. Ya ce yaron nan ya mai da rijiyarsa wurin gwaji, kada ya sake taka garkar. Dama Hashim, ɗan ƙanensa mai shago a Tibiri, ya riga ya nuna yana son Afra'u.

Labari ya kai Dutsi cewa an ba Hashim. Ja'afaru ya daina kira, ya daina cin abincin kirki. Ana haka saƙonta ya shigo:

"Masoyina, wa ya ce maka na amsa? Ni ban amsa ma kowa ba sai kai. Kuma saurara: yau na juya injin da hannu kafin in kunna, ya kama. Tsarinka ne mai gaggawa, shina son jin motsin injin tun bai motsa ba."

Ya karanta, ya sake karantawa. Sannan ya buɗe ordinata ya ga gaskiyarta. Ya gyara yadda allon zai fara daidaita injin, ya ja shi sannu sannu har ya ɗauki gudu, kafin ya fara sauraronsa.

"Fitilata, ki yafe mini shiruna. Na gyara. Amma Baba ya hana ni zuwa."

"Ka zo da hantsi. Inna ta yi mishi magana."

Inna Rakiya ta gaya wa mijinta cewa albasar ba za ta kai Juma'a ba, ɗiyarsa kuma ta faɗi wanda take so.

Da hantsi Ja'afaru ya iso, ya durƙusa ya gaida tsohon, sannan ya kunna. Injin ya tashi lafiya lau, amma ruwa bai zo ba.

"Da baya yake juyawa," in ji Afra'u a hankali. "Musanya waya biyu."

Ya musanya. Tiyo ya yi tari, sai ga ruwa yana bin kunyoyin albasa.

Malam Sambo ya daɗe yana kallo. Ya tara hannu ya wanke fuska, sannan ya dubi Ja'afaru.

"Wa ya gano matsalar?"

"Ita ce, Baba."

Tsohon ya yi murmushi. "Tunda ka iya faɗin haka gabana, ka turo manyanka."

Bayan an cire albasa aka ɗaura aure. Hashim ma ya zo, shi ya ɗauko 'yan rakiyar amarya a motarsa. Da za a fita da ita, Malam Sambo ya dafa kan ɗiyarsa.

"Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Afra'u ta ce amin cikin mayafi, tana hawaye, tana murmushi.